Zauren Tambaya: Fuskar Manhaja da Rigingimunta

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili. Wannan karon tambayoyin da suka shigo kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato fuskar manhaja, abin da mai waya ke gani yana latsawa, kuma yawancinsu daga nan cikin Jos suka fito, abin da ya faranta min rai sosai don da can in ana maganar wannan sana'a sai ka ɗauka Legas da Abuja kaɗai ake yinta. Na rage tsawon wasu saƙonnin saboda fili amma ban taɓa ma'anarsu ba.

TAMBAYA: Salam malam, ni ɗalibi ne a Jami'ar Jos ina zaune a Unguwar Rogo, ina koyon Flutter, wato wani kayan aikin haɗa manhajar waya. Na haɗa shafin rajista komai ya fito tsaf a emuleta, wato wayar gwaji ta cikin kwamfuta, amma da na tura wa abokina a itel ɗinsa sai ga wani layi mai rawaya da baƙi a gefe rubutu ya shige ciki, in ya taɓa wurin rubuta suna kibod ya taso kuma sai wani layin ya fito a ƙasa. Wlh abin ya ishe ni, ko wayarsa ce ke da matsala?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanina. Wayar abokinka lafiyarta ƙalau, hasali ma taimakonka ta yi. Wannan layin Flutter ne ke gaya maka kayan da ka zuba cikin Row (jeri a kwance) ko Column (jeri a tsaye) sun fi ƙarfin wurin, in ka leƙa konsol za ka ga ya rubuta RenderFlex overflowed har da adadin piksel ɗin da suka yi yawa da inda abin ya faru a kod ɗinka. Emuletan da ka zaɓa ina kyautata zaton babbar Pixel ce mai faɗin 411dp ko sama da haka (dp shi ne ma'aunin girman abu a allon waya), alhali wayoyin da ke hannun mutanenmu da yawansu 360dp ne, wasu tsofaffin ma 320. To in ka ɗaure faɗin akwati ka ce 380, ina kake so ragowar 20 ɗin ta shiga?

Ka daina ɗaure faɗi da lamba sai inda ya zama dole, kamar ƙaramin hoto ko alama. Rubutun da ke cikin Row ka sa shi a Expanded ko Flexible ya karɓi wurin da ya rage ya naɗo zuwa layi na biyu, in kuma ba ka so ya sauko sai ka ba shi maxLines da TextOverflow.ellipsis ya ƙare da ɗigo uku. Kuma dan Allah in za ka gwada kar ka tsaya a suna mai harafi uku, ka rubuta cikakken suna irin namu, na mutum da na uba da na kaka har da laƙabi, a nan ne asiri ke tonuwa.

Na kibod kuwa, Scaffold, wato ginshiƙin shafi a Flutter, shi ne ke matse jikin shafi in kibod ya taso don kar ya rufe wurin rubutu, shi kuma Column ɗinka bai iya raguwa ba. Ka naɗe shi cikin SingleChildScrollView shikenan, mutum ya riƙa jan shafin sama da ƙasa. Akwai masu ce maka ka mayar da resizeToAvoidBottomInset ya koma false, e layin zai ɓace, amma kibod zai rufe maɓallin turawa mutum ya gama cika fom ya rasa inda zai latsa, ni gaskiya ban yarda da wannan maganin ba. Ka kuma sani a kwafin debug, wato na gwaji, kaɗai layin ke fitowa, in ka haɗa na release da ake ba jama'a ba za ka gan shi ba amma rubutun na nan a yanke, kar rashin ganinsa ya ruɗe ka.

Kafin ka ce ka gama, shiga saitin waya ka ƙara girman rubutu har ƙarshe ka sake buɗe shafin. Daga Android 14 mutum na iya kai rubutu ninki biyu, kuma iyayenmu da yawa haka suke barin wayarsu don ido ya fara rauni, in manhajarka ta wargaje a hannunsu laifin ba nasu ba ne. Sai SafeArea, mai hana abubuwan shafi shiga ƙarƙashin sandunan waya, kar ka manta da shi, musamman tunda daga Android 15 manhajar da aka nufa da API 35 tana shimfiɗuwa har ƙarƙashin sandar agogo ta sama da ta maɓallan ƙasa.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ni da ƙawata muna sarin kayan gwari a Farin Gada muna kai wa mutane gida, dankali da kabeji da karas da sauransu, na koyi React Native, shi ma kayan haɗa manhaja ne irin Flutter, na yi mana manhajar oda. Da kayan ba su da yawa lafiya lau, yanzu da muka sa hotuna wajen 150 sai ta riƙa sanƙarewa in ana jan shafi, a ƙananan wayoyi ma fita take yi da kanta. ScrollView na yi amfani da shi, hotunan kuma da wayata nake ɗauka in ɗora kai tsaye. Daga 'yar'uwarku a Bukuru.

AMSA: Lafiya lau 'yar'uwa, Allah ya sa albarka a sana'a. Ai kin faɗi cutar da bakinki a jimlar ƙarshe, kuma guda biyu ce.

Bari mu fara da hoto don shi ne babba. Hoton kyamara mai megapiksel 12 faɗinsa 4000 ne tsayinsa 3000, in kin duba shi a waya za ki ga wataƙila megabait 3 ko 4 ne sai ki ce ai ba yawa, to wannan girmansa ne a matse. Lokacin da waya za ta nuna shi sai ta warware shi a RAM, kowane piksel ya ci bait 4, piksel miliyan 12 sau 4 ya ba ki megabait 48 a hoto ɗaya tak na buhun dankali, wanda kuma a ɗan akwatin da bai fi faɗin yatsu biyu ba za a nuna shi. Hoto goma kin kusa rabin gigabait, a wayar da duka-duka RAM ɗinta gigabait 2 ne kuma WhatsApp da Facebook na zaune a ciki. Dole ta fita. Maganin shi ne a rage hoton tun lokacin ɗorawa, ki ajiye kwafi biyu, ƙarami mai faɗin kamar piksel 400 na cikin jeri, da matsakaici kamar 1000 na wanda ya latsa yana son ya ga kayan da kyau, in da hali ki mayar da su WebP don ya fi JPEG rashin nauyi. Wannan ba don waya kaɗai ba ne, har don datar kwastomarki, matar da ta sayi data ta 'yan ɗaruruwa in ta ga manhajarki ta shanye mata rabi a leƙa farashin tumatir ba za ta sake buɗewa ba, kiranki kawai za ta riƙa yi.

Na biyu ScrollView. Shi duk abin da kika ba shi gina shi yake gaba ɗaya ko ana kallo ko ba a kallo, kamar mai abinci ce ta zuba kwano 150 ta jera alhali benci mutum shida yake ɗauka. Ki koma FlatList, shi abin da ke kan allo da ɗan na kusa da shi kawai yake ginawa, ki ba shi keyExtractor na gaskiya wato lambar kowane kaya, in tsayin kowane layi ɗaya ne ki ƙara getItemLayout, sannan ki riƙa ɗauko kaya 20 20 daga saba, wato kwamfutar intanet da ke ajiye bayanan manhaja, da onEndReached maimakon duka a tashi ɗaya. Masu Flutter naku shi ne ListView.builder da cacheWidth, masu Compose na Android kuma LazyColumn da Coil, maganar duk ɗaya ce.

Abin da kike gani kamar sanƙarewa lissafi ne, allon waya na yau da kullum na sabunta kansa sau 60 a daƙiƙa, kenan kina da kamar milisakan 16 ki gama zana kowane zubi, in kika wuce ido zai gani. Amma kar ki auna sauri a kwafin gwaji, shi dama nauyi gare shi, ki haɗa release ki sa a wayar da ta fi kowacce rauni a gidanku.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina koyarwa a wata Islamiyya a Rikkos, ni da ɗana muna haɗa manhajar addu'o'i da fassarar Hausa. Haruffa masu lanƙwasa suna ba mu wahala, wani wuri su fito da wata siffa dabam da sauran rubutun, wani wuri akwati, wani wuri kuma wasu alamomi marasa kan gado. Kuma in mutum ya nemi kalma a wurin bincike ba ya samu ko da tana ciki.

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Allah ya gafarta malam, Allah ya saka da alheri da wannan aiki. Wannan tambayar ta fi kowacce taɓa ni, don abin takaici ne a ce harshen da miliyoyin mutane ke magana da shi har yau muna rubuta kasa mu bar mai karatu ya yi ta canke ko ƙasa ake nufi ko kasawa.

Alamomi uku da malam ya lissafa cuta biyu ce. In harafin ya fito siriri ko ya bambanta da 'yan'uwansa, fon ɗin da kuka zaɓa, wato salon zanen haruffa, shi ne ba shi da ɓ da ɗ da ƙ, sai waya ta aro su daga wani fon ɗin, in kuma ba inda za a aro sai akwati ya fito. Fon masu ado da yawa haka suke, waɗanda suka zana su Turanci da Faransanci kawai suka sa a gaba. Kafin ku ɗauki kowane fon ku rubuta ɓ ɗ ƙ da manyansu Ɓ Ɗ Ƙ da alamar ₦ ku duba, a siriri da mai kauri duka, don wani yana da su a ɗaya babu a ɗayan. Noto Sans na Google yana da su, haka Andika da Charis na SIL, Andika ma don masu koyon karatu aka yi shi zai dace da yaran Islamiyya. Ku sa fon ɗin cikin manhajar kanta kar ku dogara da sai an sauko da shi ta intanet.

In kuwa abin da kuke gani irin Æ™ ne a wurin ƙ ko É— a wurin ɗ, to fon ba shi da laifi, rubutun ne aka ajiye da UTF-8, tsarin ajiye haruffa a kwamfuta, aka zo aka karanta shi da wani tsarin dabam. Yawanci a hanya abin ke faruwa, misali an tara fassarar a Excel an fitar da CSV, to a nan ku zaɓi CSV UTF-8, ku kuma tabbatar rumbun bayanan da saba duk UTF-8 suke magana.

Bincike kuma ga abin da ke faruwa, ku kun rubuta ƙarshe daidai, mai nema kuma kibod ɗinsa na Turanci ne ya rubuta karshe, wa kwamfuta waɗannan kalmomi biyu ne da ba su haɗa komai ba. Dabarar da ake cire wa haruffan Faransanci alamar kansu ba ta aiki a nan don ƙ a Unicode harafi ne mai zaman kansa, ba k ba ce da aka ɗora wa wani abu. Sai ɗanku ya rubuta ɗan aiki da hannu, ya ajiye kwafin kowane rubutu na ɓoye inda ƙ ta koma k, ɗ ta koma d, ɓ ta koma b, a cire apostirofi kowane iri, a kuma haɗe 'y da muke rubutawa a Nijeriya da ƴ da ake rubutawa a Nijar, abin da mutum ya rubuta shi ma a bi da shi ta nan kafin a kwatanta. A allo kuwa a nuna rubutun daidai da lanƙwasarsa.

Larabcin kuma a ba shi nasa fon kamar Amiri ko Scheherazade New, a buɗa tsakanin layuka don wasula kar su hau juna, a kuma riƙa amfani da start da end maimakon left da right a kod. In wata rana za ku sa Ajami akwai Harmattan da Alkalami, shi Alkalami salon rubutun Kano aka bi aka zana shi.

TAMBAYA: Oga wanne ya fi, Flutter ko React Native ko Kotlin? Ina so in fara amma kowa da abin da yake faɗa min. Daga Tudun Wada.

AMSA: In ka riga ka iya JavaScript ɗauki React Native, in daga farko za ka tashi kuma kana son Android da iPhone da kod ɗaya ɗauki Flutter, in Android kaɗai ka nufa Kotlin da Compose. Duk ukun ana cin abinci da su. Abin da zan ƙara kawai, in laftof ɗinka RAM ɗinta gigabait 4 ne ka manta da emuleta, ka latsa Build number sau bakwai a wayarka ka kunna USB debugging ka haɗa da kebul.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ina POS a Terminus, na haɗa wa 'yan layinmu manhajar adashe. In sabis ya yi rauni mutum zai latsa biya abin ya yi ta juyawa, sai ya sake latsawa, daga baya mu ga an rubuta masa zubi biyu ya zo yana faɗa da ni. Wani kuma in ya fita ya duba lambar da aka turo masa a saƙo, yana dawowa sai ya tarar duk abin da ya cika ya goge.

AMSA: Barka kadai ɗan'uwa. Tunda kuɗin mutane ne a ciki ka ajiye duk wani gyaran ado ka fara da wannan yau ɗin nan.

Da an latsa biya sau ɗaya ka kashe maɓallin nan take, ya canza launi ya rubuta ana turawa, kar ya sake karɓar latsi sai amsa ta dawo. Amma wannan kaɗai bai isa ba, don akwai lokacin da saƙon ya isa saba an rubuta kuɗin, amsar ce ta ɓata a hanyar dawowa, kai da ke POS ka fi ni sanin wannan, an cire wa mutum kuɗi inji ya ce bai yi ba. Saboda haka tun a waya ka ƙirƙiri lamba ta musamman wa kowane zubi kafin a tura, in an sake turawa a tura da lambar nan dai, saba kuma in ta ga lambar da ta riga ta gani sai ta dawo da amsar farko ba tare da ta rubuta sabo ba. Da wannan ko sau goma aka latsa zubi ɗaya ne.

Sai maganar abin da ke juyawa ba iyaka. Ka sa masa wa'adi, daƙiƙa 20 ko 30, in ya wuce ka gaya wa mutum gaskiya da Hausar da zai gane, kar ka ce masa bai yi ba alhali ba ka sani ba, ka rubuta ba mu tabbatar ba tukuna, kar ka sake biya, duba tarihin zubinka, ka kuma nuna zubin a tarihi da alamar ana jira. Kowane shafi da ke ɗauko abu daga intanet ka zana masa fuska huɗu ba ɗaya ba, ta lokacin jira, ta lokacin da babu komai a ciki, ta lokacin da sabis ya yanke tare da maɓallin sake gwadawa, sannan ta lokacin da komai ya zo. Yawancinmu ta ƙarshen kawai muke zanawa don muna aiki ne a wayfai, alhali mai waya a cikin rumfa a tsakiyar kasuwa sauran ukun ya fi gani. Kuma aikin intanet ko lissafi mai nauyi kar ya hau babban zaren da ke zana allo, in ya riƙe shi daƙiƙa 5 ba ya amsa latsi Android zai fito da akwatin nan mai tambaya a rufe manhajar ko a jira.

Gogewar fom kuma Android ne ke kashe manhajar da aka bari a baya in RAM ta yi ƙaranci, a ƙananan wayoyi kuwa wannan kullum ne. Ka riƙa ajiye abin da mutum ya cika da matakin da ya kai, a Compose akwai rememberSaveable da SavedStateHandle, a Flutter akwai RestorationMixin ko ka ajiye a ma'ajiyar waya kawai, banda lambar sirri. Don ka ga abin da idonka shiga Developer options ka kunna Don't keep activities, ka cika fom ka fita ka dawo. In ka sa SMS Retriever ma lambar za ta shigo da kanta ba sai mutum ya fita ba.

Ƙananan abubuwa da ke rage rigima: wurin lambar akawun ya buɗo kibod na lambobi ya tsaya a 10, lambar waya 11 ka karɓe ta ko da 0 aka fara ko da +234 kuma ka ajiye ta a matsayin rubutu don kar sifirin farko ya faɗi, kuɗi ya fito da waƙafi ₦50,000 ba 50000 ba, kafin a tura kuma a nuna shafin tabbatarwa da suna da adadi da manyan baƙaƙe.

TAMBAYA: Sir ni dizayina ne a Rayfield. Na yi wa wani oga dizayin a Figma fari tas da rubutu ruwan toka, ya yaba sosai a ofis, yanzu yaransa da ke zagaya shaguna sun ce ba sa ganin komai a rana kuma suna yawan latsa abin da ba shi suka nufa ba. Ogan ya ce kar a taɓa launin.

AMSA: Yaran suna da gaskiya ƙanina. Ka tsaya kusa da mai saro kaya da tsakar rana ka kalli yadda yake riƙe waya, hannu ɗaya ne don ɗayan na riƙe da leda ko kuɗi, babban yatsa kaɗai ke aiki, gilashin ya tsage an manna masa wani a kai, haske kuma an rage shi ƙasa don caji ya kai yamma, yana karkata wayar yana kare ta da inuwar jikinsa. A wannan allon rubutunka zai fito, ba a laftof mai haske a ɗaki mai labule ba.

Abin da zai taimake ka wajen ogan shi ne maganar tana da ma'auni, ba ra'ayinka ba ne da nasa. Ƙa'idar WCAG, wadda ta tsara yadda shafi zai yi wa kowa sauƙin amfani, ta ce bambancin haske tsakanin rubutu da bango ya kai 4.5 zuwa 1 ga rubutu na yau da kullum, 3 zuwa 1 ga manya. Ruwan toka #999999 a kan fari bai ma kai 3 ba, #767676 shi ne ya tsallake da kyar, don aikin rana kuwa ni na fi son #333333 ko abin da ya fi shi duhu. Wurin latsawa Google sun ce kar ya gaza 48dp kowane gefe, wajen milimita 9 kenan, Apple kuma 44pt, alamar na iya zama ƙarama amma filin da ke karɓar yatsa ya kai haka, da tazarar 8dp tsakani, kuma kar ka taɓa jera goge da ajiye kafaɗa da kafaɗa. Maɓallin da aka fi latsawa ya sauko ƙasa inda yatsa ke kaiwa. Alama kuma ka sa mata kalma a ƙarƙashi, layuka ukun nan da ɗigo uku na buɗe menu mu ne muka san ma'anarsu, kar kuma ka bar ja da kore kaɗai su bambanta wanda ya biya da wanda bai biya ba don akwai masu idon da ba ya raba su.

Sauke Accessibility Scanner na Google a Play Store ka bi da shi kan shafukan, zai zagaye maka duk inda rubutu ya dushe ko maɓalli ya yi ƙanƙanta, ka ɗauki hoton sakamakon ka kai wa ogan, in da hali ka ja shi waje bakin geti da azahar ka miƙa masa wayar ɗaya daga cikin yaran ka ce ya karanta maka farashi. In duk da haka ya nace sai ruwan tokansa, ka bar masa shi a bango da layukan ado, amma farashi da sunan kaya da rubutun maɓalli su koma masu duhu.